Daga Takobin Hauni Zuwa Alƙalamin Gwamna

Duk wanda ya taɓa cin kasuwar Maigatari ran Alhamis ya san ba a iya rarrabe mutumin Nijeriya da na Nijar da ido. Ga Bamange ya taso daga Gumel, ga Badamagare daga Dungas ko Magarya, ga Buzu da raƙumansa, ga Bafillace da shanunsa, ga kuma fatake daga Kudu sun jera manyan motoci suna jiran lodi. Da harshe ɗaya a ke ciniki, in ladan ya kira salla kuwa yawancinsu sahu ɗaya su ke shiga. To, a ce tsautsayi ya gitta, Allah ya kiyaye, gardama ta kaure a kan cinikin sa guda, har wani ya zare wuƙa ya kashe wani. Me zai sami mai kisan nan? Amsa ta danganta ga inda ƙafarsa ta ke tsaye sa'ad da ya yi ɓarnar. Dokar ƙasashen nan biyu duk tana da hukuncin kisa a cikinta. Amma a Nijar, rabon hukuma da ta zartar da irin wannan hukunci tun cikin 1976. A Nijeriya kuwa an yi ta yi, an dakata, an koma, an sake dakatawa, an sake komawa, na baya-bayan nan da aka sani shi ne na watan Disamba, 2016.

Wannan dakatawa da komawa ita ta hana gardama ƙarewa. Duk ran da aka yi wani mugun kisa sai ka ji ana cewa a dawo da rataya, ran da aka rataye wani kuma sai ka ji ana cewa a daina. Amma wanda ya bi tarihin abin a ƙasar Hausa zai ga akwai wata tambaya da ta girmi wannan, ita ce, wa ke da magana ta ƙarshe a kan ran wanda ya yi kisan kai? Dangin mamaci ne, ko Sarki, ko Gwamna? Cikin shekara ɗari da 'yan kai maganar nan ta sauya hannu ba sau ɗaya ba, kowace sauyawa kuwa da irin rigimar da ta haifa.

Bari mu fara da zamanin da Turawa ba su zo ba. Gumel ba ta cikin ƙasashen da suka karɓi tuta daga Shehu. Sarakunanta Mangawa ne, Barno su ke bi, can su ke kai gaisuwa. Amma ta wajen shari'a babu bambanci, gama littattafan da alƙalin Kano ke dubawa su ne na alƙalin Gumel, da na Kukawa, da na Damagaram, watau Risala, da Muhtasar, da Tuhfa, dukansu na mazhabar Imamu Malik.

Ga abin da littattafan nan suka shimfiɗa. In mutum ya kashe wani bisa kuskure, babu kisa a kansa, sai diyya, danginsa na wajen uba su haɗu su biya: raƙumi 100 ga masu raƙuma, ko dinari 1,000 na zinariya, ko dirhami 12,000 na azurfa. In da gangan ya yi, to, sai kisasi, watau rai a bakin rai. Amma fa mai karatu ya lura da wannan, don shi ne gindin maganarmu duka. Kisasi ba hakkin Sarki ba ne, ba kuwa na alƙali ba. Hakkin waliyyan jini ne, watau 'ya'yan mamaci maza, ko ubansa, ko 'yan'uwansa. Aikin alƙali ya binciki shaida, ya tabbatar da laifi, sa'an nan ya juya ya tambaye su abin da su ke so. In sun ce a kashe, a kashe. In sun yafe, ko sun yi sulhu a kan dukiya, ran mai laifi ya kuɓuta, sai a yi masa bulala 100, a ɗaure shi shekara guda. Ko mutum ɗaya ne ya yafe daga cikin waɗanda kusancinsu da mamaci ya ke daidai, kisasi ya faɗi. Asalin wannan yana cikin Suratul Baƙara, aya ta 178 da ta 179, inda aka wajabta kisasi, aka kuma buɗe ƙofar afuwa a wuri guda.

Tabbatar da laifin ma ba abu ne mai sauƙi ba. Sai da shaidu biyu adilai, ko mai laifi ya amsa da bakinsa. In babu ko ɗaya, amma akwai alama mai ƙarfi, kamar a ce mamaci kafin ya cika ya ambaci wanda ya sare shi, sai a sa dangi su yi rantsuwa hamsin, wadda a ke kira ƙasama. Ba kowa ne zai iya tsayawa gaban jama'a ya yi ta maimaita rantsuwa a kan abin da bai tabbata ba.

Wuri biyu ne dangi ba su da ta cewa. Na ɗaya fashi, in ɗan fashi ya tare hanya har ya yi kisa. Na biyu kisan gilla. Yau mutane na kiran kowane mummunan kisa kisan gilla, amma a wurin malaman fiƙihu ma'anarsa ta fi haka ƙunci: shi ne a yaudari mutum, a kai shi inda babu mai ceto, a kashe shi a ɓoye, galibi don a ɗauke abin da ke hannunsa. Wannan ko dangi sun yafe hukuma ba ta yafewa, don ɓarna ce a bayan ƙasa, ta wuce ta gida ɗaya. In hukunci ya tabbata, a manyan birane kamar Kano akwai bawan Sarki da a ke kira Hauni, shi ke fille kai da takobi, a bainar jama'a.

Kada fa a zaci kullum haka abin ya ke tafiya sumul. Ban da shari'ar alƙali akwai ikon Sarki, wanda malamai ke kira siyasa, shi kuwa wannan iko iyakarsa tsoron Allah na mai riƙe da shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, cikin littafinsa Kitabul Farƙi, ya lissafa kashe mutane ba bisa shari'a ba cikin aibobin sarakunan da ya yi jihadi da su. Wani Bature matafiyi kuma, James Richardson, wanda ya sauka Zinder farkon 1851, ya rubuta labarin yadda a ke kashe mutane a can bisa umurnin Sarkin Damagaram, a yar da gawa kuraye su cinye. Cikin wannan shekara ne abokin tafiyarsa Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarimu, ya ratsa Gumel za shi Kukawa. Saboda haka wanda ya ce zamanin dā duk adalci ne bai faɗi gaskiya ba. Abin da dai za a ce shi ne, a kan kisan kai na tsakanin talakawa, magana a hannun masu jini ta ke, kuma ba ta daɗewa ba a yanke ba.

Da Turawa suka ci ƙasa, Gwamna Lugga ya tara manyan Sakkwato cikin watan Maris, 1903, ya gaya musu alƙalai za su ci gaba da shari'a, amma an hana yanke hannu da azabtarwa, kuma ba za a kashe kowa ba sai da yardar Razdan. Ka ga tun daga ran nan an sami baƙon hannu cikin al'amarin. Dangi su nemi kisasi, Majalisar Sarki ta yanke, amma takarda sai ta hau sama an duba tukuna. Ba wai Turawa na ƙin kisa ba ne. Bayan tawayen Satiru cikin 1906, kotun Sarkin Musulmi ce ta yanke wa Ɗan Makaho da waɗansu mabiyansa hukunci, aka kashe su a Sakkwato da yardar Turawa. Daga baya dai aka ajiye takobi aka koma igiya, aka bar kasuwa aka koma cikin gidan yari. Cikin shekarun nan ne kuma, daga 1906 zuwa 1908, Ingila da Faransa suka kakkafa alamun iyakar da ta bar Maigatari a kudu, Dungas a arewa, kowace da irin dokar da za ta gada.

Inda shari'ar alƙali da ta Bature suka yi karo sosai shi ne kan maganar tunzurawa. A dokar Ingila, in an tsokani mutum tsokana mai tsanani, zuciya ta ɗebe shi nan take ya yi kisa, ba a rataye shi, ɗauri a ke yi masa. A mazhabar Malik kuwa, in dai ya ɗauki makami ya sara da nufin cuta, ganganci ne, fushi ba ya kare shi. Ta wani gefen kuma, mutum zai shirya kisa da sanyin zuciya, dangi su yafe, ya sha bulala ya yi shekara guda ya fito, Razdan yana cizon yatsa. Watau wanda Bature ke so a sassauta wa alƙali ya kashe, wanda Bature ke so a rataye alƙali ya saki.

Cikin 1947 ƙurji ya fashe. Wani mutum mai suna Tsofo Gubba ya kashe kwarton matarsa, kotun Sarkin Gwandu ta yanke masa kisa. Magana ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Afirka ta Yamma, ita kuwa ta soke hukuncin, ta ce laifin da ke rubuce cikin kundin dokokin Gwamnati ba a hukunta shi da abin da ya saɓa wa kundin. Sarakuna da alƙalai suka ga in haka ne, ai an tuɓe wa shari'a rawani ke nan. Aka yi ta kai da kawowa, aka gyara doka cikin 1948, aka sake gyarawa, har dai cikin 1957, a shari'ar Maizabo da En'e ta Sakkwato, Kotun Ƙoli ta Tarayya ta ce alƙali ya yi shari'a da littafinsa, amma kada horonsa ya wuce wanda kundin Gwamnati ya ajiye wa irin wannan laifi. Sai ya zama alƙali na karanta Muhtasar da ido ɗaya, ɗaya idon yana kan littafin Bature.

Ga kuma mulkin kai ya matso. Kabilun Arewa waɗanda ba Musulmi ba suka kai kuka gaban hukumar Willink, wadda ta zaga ƙasa cikin 1957 da 1958, cikin kukansu kuwa har da cewa a mazhabar Malik ba a yi wa Musulmi kisasi saboda wanda ba Musulmi ba, in ba gilla ya yi ba. Gwamnatin Sardauna ta aika da wakilai Sudan da Libiya da Pakistan su ga yadda su ke yi, sa'an nan cikin 1958 ta kira taron masana shari'a shida. Shugabansu Sayyid Muhammad Abu Rannat, Babban Jojin Sudan, tare da Mai shari'a Muhammad Sharif na Pakistan, da Farfesa Anderson na London, da Wazirin Barno Shettima Kashim, da Peter Achimugu, da Malam Musa Alƙalin Alƙalan Bida. Shawararsu ce ta haifi kundin laifuffukan nan da a ke kira Final Kod, wanda aka ɗauko samfurinsa daga na Sudan, aka zartar cikin 1959, ya fara aiki ran 30 ga Satumba, 1960, ana gobe mulkin kai.

Kundin nan ya karɓi maganar tunzurawa, ya daidaita jinin Musulmi da na wanda ba Musulmi ba. Amma a nan ne waliyyan jini suka rasa hakkinsu. Kisan kai ya zama laifi ga Gwamnati, ita ke ƙara, ita ke kashewa, ita ke yafewa. Abin da aka rage wa dangi ɗan kaɗan ne: in kotun gargajiya ta yanke kisa, sai ta kira su ta tambayi abin da su ke so, a rubuta, a aika wa masu ba Gwamna shawara kan afuwa. Abin da dā hukunci ne ya koma shawara ke nan. Ba a jima ba ma, cikin 1967 zuwa 1968, gwamnatin soja ta Hassan Usman Katsina ta rushe kotunan Sarakuna ɗungum, shari'ar kisan kai ta koma Babbar Kotu. Daga nan Sarkin Gumel da sauran sarakuna ba su da sauran hannu a kan ran kowa.

Zamanin soja ba sai mun daɗe a kansa ba, dattawa da yawa sun gani da idonsu. Yaƙin basasa ya ƙare cikin Janairu, 1970, ya bar bindigogi barjat a hannun mutane, fashi ya yi yawa. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa dokar soja mai lamba 47 ta 1970, wadda ta ce ɗan fashi da makami hukuncinsa kisa, a kotu ta musamman, babu ɗaukaka ƙara. Aka koma kashe mutane a fili, sai dai yanzu ba takobi, durom a ke jerawa a ɗaure su a harbe. Ran 8 ga Satumba, 1971, aka harbe ƙasurgumin ɗan fashin nan Oyenusi a bakin teku a Ikko, jama'a ta yi dafifi kamar ran hawan salla. Ƙungiyar Amnesty ta ƙirga mutum fiye da 2,600 da aka kashe bisa hukunci tsakanin 1970 da 1999, yawancinsu a kan fashi. Ran 22 ga Yuli, 1995, kaɗai mutum 43 aka harbe a Kirikiri.

To, fashi ya ƙare? Bai ƙare ba. Shekara goma sha biyar bayan Oyenusi, Anini ya addabi Binin, shi ma aka harbe shi cikin 1987, waɗansu suka maye gurbinsa. Masu ƙin hukuncin kisa su kan kafa hujja da wannan. Masu so kuwa su kan ce da ba a yi harbin ba, da abin ya fi haka muni. Wannan gardama ba ta da alƙali, gama ba wanda zai iya ƙirga fashin da ba a yi ba.

Abin da ya fi ɓata sunan hukuncin a zamanin nan shi ne yadda ya cuɗanya da mulki. Bayan kashe Janar Murtala an harbe mutum 32 ran 11 ga Maris, 1976. An harbe Janar Mamman Vatsa cikin 1986. Cikin Afrilu, 1985, an harbe mutum uku a kan fataucin ƙwaya, da dokar da aka kafa bayan an riga an kama waɗansunsu, aka mayar da ita baya ta ci su. Ran 10 ga Nuwamba, 1995, aka rataye Ken Saro-Wiwa da mutum takwas a Fatakwal, har aka dakatar da Nijeriya daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Amma ni a ganina labarin da ya fi dacewa mai karatu ya riƙe ba na manya ba ne, ba kuma a mulkin soja ya faru ba. Wani mutum ne, Nasiru Bello, Babbar Kotun Jihar Oyo ta yanke masa kisa a kan fashi, ya ɗaukaka ƙara. Ƙarar na nan ba a saurara ba, cikin 1981 aka fito da shi aka kashe. Iyalinsa suka bi kadi har Kotun Ƙoli, cikin 1986 ta ce lalle an kashe shi ba bisa doka ba, a biya su Naira 7,400. Kotu ta iya cewa an yi kuskure, amma ba ta iya tashinsa.

Cikin 1998, a shari'ar Onuoha Kalu, Kotun Ƙoli ta ce hukuncin kisa bai saɓa wa tsarin mulki ba. Tsarin mulkin 1999 ma, sashe na 33, ya ce kowa na da hakkin rayuwa, sai fa wanda kotu ta yanke wa kisa. Sashe na 212 kuma ya ba Gwamnan Jiha ikon afuwa, ba a kuwa rataye kowa sai ya sa hannu a takarda. Magana ta ƙarshe ta koma bakin alƙalami.

Sai ga Shari'a ta dawo. Gwamnan Zamfara Ahmad Sani ya ƙaddamar cikin Oktoba, 1999, jihohi goma sha ɗaya suka bi, Jigawa cikin 2000, zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki. Sababbin kundayen suka mayar wa waliyyan jini hakkinsu na zaɓen kisasi ko diyya ko afuwa, bayan shekara arba'in. Suka kuma kawo rajamu, watau jifa, wanda ba a yi ko a zamanin Turawa. Ran 3 ga Janairu, 2002, aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan kotun Shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. Ba shi da lauya, bai kuma ɗaukaka ƙara ba. Duniya ba ta kula da shi sosai ba, hankalinta na kan Safiya Husaini ta Tungar Tudu da Amina Lawal ta Jihar Katsina, waɗanda aka yanke wa rajamu a kan zina. Dukansu biyu kotunan ɗaukaka ƙara na Shari'a ne suka sake su, Safiya cikin Maris, 2002, Amina cikin Satumba, 2003, da hujjojin da aka ciro daga littattafan Malikiyya ɗin nan dai.

Mu ma a Jigawa mun ga namu. Cikin watan Mayu, 2002, wata kotun Shari'a a Dutse ta yanke wa wani mutumin ƙauyen Baranda rajamu, a kan yi wa yarinya 'yar shekara tara fyaɗe. Ya amsa da bakinsa, ba shi da lauya, shi kansa bai nemi ɗaukaka ƙara ba har wa'adi ya wuce. Danginsa ne suka tashi, suka ce mutumin nan ba shi da cikakken hankali. Cikin Agusta, 2003, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'a ta soke hukuncin, ta ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali. A duba shari'ar nan da kyau, gama duk gardamar tana cikinta. Ga yarinya an cuce ta cutar da ba ta goguwa, wanda ya ce kada a yi hukunci mai tsanani sai ya dubi idon iyayenta tukuna. Ga kuma mutumin da alƙalami ya ɗauku daga kansa, wanda da danginsa sun yi shiru, da ba abin da ya rage sai sa hannun Gwamna. Ka'idar malamai ce cewa shubuha na kare haddi, amma shubuha ba ta kai kanta kotu, sai an sami mai kai ta. Har yau dai ba a jefe kowa ba a Nijeriya bisa hukuncin kotu.

Shugaba Obasanjo ya kafa kwamitin nazari, cikin 2004 ya ba da shawara a dakatar da kisa har a gyara aikin 'yan sanda da na kotuna, don yawancin masu jiran igiya matalauta ne da ba su sami lauyan kirki ba, da yawa kuma da iƙirarin da suka yi a hannun 'yan sanda aka kama su. Ba a mai da shawarar doka ba. Mutane suka zaci an daina, sai ƙarshen 2007 Amnesty ta fallasa cewa cikin 2006 an rataye aƙalla mutum bakwai da kotunan Kano suka yanke wa hukunci, an kai su gidajen yarin Kaduna da Jos da Inugu, ba a sanar da kowa ba. Cikin Yuni, 2013, Shugaba Jonathan ya yi kira ga gwamnoni su riƙa sa hannu, ran 24 ga watan aka rataye mutum huɗu a Binin, zamanin Gwamna Oshiomhole. An fito da na biyar, sai aka ga hukuncinsa na harbi ne ba rataya ba, aka mai da shi ɗaki. Cikin 2014 aka sake shi, bayan ya shekara goma sha tara yana jira. Ran 23 ga Disamba, 2016, aka sake rataye uku a Binin ɗin.

Ba mu kaɗai ke wannan kai da kawowa ba. Ingila, wadda ta kawo mana igiya, ta yi ratayarta ta ƙarshe cikin 1964, ta daina a kan kisan kai cikin 1965, cikin dalilanta kuwa har da Timothy Evans, wanda aka rataye cikin 1950 daga baya aka gane maƙwabcinsa ne mugun. Faransa ta soke cikin 1981. Amurka ta dakata cikin 1972, ta koma cikin 1977. Gambiya ta shekara ashirin da bakwai ba ta kashe kowa ba, rana ɗaya cikin 2012 ta kashe tara. Cadi ta soke cikin 2020. Nijar kuwa, tun waɗanda aka harbe bayan yunƙurin kifar da Saini Kunce cikin 1976 ba ta ƙara ba, amma da aka kawo shawarar sokewa gaban majalisar riƙon ƙwarya cikin Disamba, 2010, sai ta ƙi. Malaman Damagaram da na Maraɗi littafi ɗaya su ke karantawa da namu, da wuya su yarda a goge abin da nassi ya ambata.

A nan gida dokokin kisa sai ƙaruwa su ke yi. Jihohi da dama sun sa kisa a kan satar mutane don kuɗin fansa. Kaduna cikin 2020, da Jigawa cikin 2021, sun sa shi a kan yi wa ƙananan yara fyaɗe. Sa'ad da aka gano gawar Hanifa, yarinya 'yar shekara biyar, a Kano cikin Janairu, 2022, har Gwamna Ganduje ya yi alkawarin zai sa hannu in kotu ta yanke. Kotu ta yanke wa mai makarantarsu kisa ran 28 ga Yuli, 2022, amma doka ta ba shi damar ɗaukaka ƙara, Gwamna ya sauka cikin 2023 ba a zartar ba. Cikin wannan shekara ta 2023 masu jiran kisa a gidajen yarin Nijeriya sun haura 3,000.

Me ya hana gwamnoni sa hannu? Wani ƙarar ce ba ta ƙare ba, gama daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ƙoli a kan shekara goma. Wani tsoron Allah ne, kada ya ɗauki jinin wanda bai san gaskiyar shari'arsa ba. Wani kuwa siyasa ce kawai. Ba na ganin laifin mai jin tsoro. Amma Gwamnan da ba zai sa hannu a kashe ba, ai yana da ikon sa hannu a mayar da hukuncin ɗauri, sau da yawa kuwa ko wannan ba a yi. Sai a bar mutum cikin ɗaki shekara goma, shekara ashirin, duk ran da ya ji motsin makulli da asuba gabansa ya faɗi. Matarsa ba ta takaba, ba a raba gadonsa, 'ya'yansa ba marayu ba ne, ba su kuwa da uba. Can ɗaya gidan kuma, masu jini ba su ga kisasi ba, ba su karɓi diyya ba, ba a ma ba su girman su ce sun yafe don Allah ba. Daga irin wannan ne mutane ke fid da rai ga kotu, in an kama wanda a ke zargi a kasuwa sai a far masa da sanduna, ba shaida, ba rantsuwa.

Cikin 2019 aka yi sabuwar dokar gidajen yari, wadda ta sauya musu suna zuwa gidajen gyaran hali. A ciki an ce in mutum ya ƙare ɗaukaka ƙararsa duka, ya kuma shekara goma ba a zartar masa da hukunci ba, Babban Jojin Jiha yana iya mayar da shi ɗaurin rai da rai. Yana iya aka ce, ba a ce tilas ba. Dokar kuwa ba ta ce a kira magadan mamaci a tambaye su ba.